Tambayar da Baba Ya Yi wa Likita

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar mahaifinmu, Alhaji Umaru mai atamfa na Ƙofar Atiku. Masu tuna shi suna ambaton kyautarsa. Ni taurin kansa nake tunawa.

A zamanin soja, lokacin da kuɗin mai suka cika gari, wasu ƙuraje masu ruwa suka feso masa a gefen goshi guda, suna zugi kamar wuta. Abokan kasuwa suka ce jifa ne. Kafin mu kai shi asibiti, idonsa na hagu ya tafi.

Likita ya ce ƙarambau ɗin da ya yi yana yaro ne ya dawo. Ƙwayar ba ta bar jikinsa ba, ta laɓe cikin jijiya tana barci.

Baba ya gyara zama. "Likita, mi ka sa ta kwana? Mi kuma ka tashe ta?"

"Alhaji, har yanzu ba a gano ba."

Lokacin na gama sakandare, tsarana duk sun bi kwangila, ni ma ina ɗokin karɓar shago. Da muka dawo gida ya ce, "Sa'adu, shago ba ya gudu. Tafi ka biɗo min amsar ga." Na yi gardama, 'yan'uwansa suka sa baki, bai janye ba. Haka na tafi karatun likita.

Da yana raye, da na zaunar da shi na faɗa masa abin da aka gano. Idan ƙwayar ta shiga jijiya, sai ta rufe kusan duk umarnin da ke cikin halittarta, ta bar kaɗan yana aiki, don kada garkuwar jiki ta lura da ita. Ranar da tsufa ko ciwo ya raunana garkuwar, sai ta sake buɗe su. Na san zai ce, "To, mi ka hana a kulle ta har abada?" Nan ne har yau muke tsaye.

Yanzu akwai magani idan an zo da wuri, har da rigakafi. Amma tsofaffinmu a unguwar Gidan Dare suna shafa toka, suna jira. Wannan kam da ya ɓata masa rai.

Bai bar mana gini ko suna a bakin maroƙa ba. Ya bar ɗa wanda ya kasa yin shiru. Na yi ritaya, gwiwa ta fara ciwo, amma duk Juma'a bayan an sallame ina miƙewa in yi wa dattawa bayani. Wasu na saurare, wasu na neman takalmansu. Juma'a mai zuwa ma zan miƙe.