Ranar da Baba Ya Ɗaga Labule

Ƙamshin kunun kanwa ne ya tashe ni yau a flat ɗinmu na unguwar Catford, a London. Inna ce ke dama mini, kwanana shida da haihuwa. Ina kurɓa sai ga gidanmu na ƙauye a idona, da damina, masara ta yi goyo, tsakar gida duk caɓi.

Shekarata tara ranar da naƙudar autanmu ta kama Inna. Kun san al'adar: maigida ya tara itacen wankan jego, ya sayo kayan yaji, ya tattara ya koma zaure. Ɗakin haihuwa na kaka ne da ungozoma. Tun hantsi Inna ke durƙushe, har la'asar ko tari ba ta yi ba. Matan gida sai yabonta suke, wai jaruma ce.

Baba bai yarda da wannan shirun ba. Sau uku yana aike na, sau uku kaka, mahaifiyarsa, tana cewa da sauƙi. A na huɗu na faɗa masa abin da na gani: zannuwa biyu a kwano, jajur da jini.

Wallahi ban taɓa ganin Baba da sauri irin na ranar ba. Ya ratsa matan, ya ɗaga labulen. Kaka ta tare shi: "Kai, ba ka da kunya ne?"

"Iya, ki gafarce ni. Rai ya fi kunya."

Ya sunkuci Inna ya sa a amalanken shanu, sai asibitin gari. Bayan kwana biyar suka dawo su uku. Shekara guda abokansa na tsokanarsa da ungozoma, shi kuwa sai ya miƙa hannu ya ce a ba shi goron aikinsa. Allah ya jiƙan Baba.

Makon jiya a asibiti, midwife, wato ungozomarsu, ta ce mijina ya shigo ɗakin haihuwa. Gogan naku ya tsaya a ƙofa yana sosa ƙeya, kunyar surukarsa ta hana shi. Inna, wadda ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba, ta dube shi ido cikin ido.

"Malam, ni Turancinsu ba ji nake ba. Shiga ka riƙe ta. In ka ga abin da bai yi maka ba, ka buɗe baki."

Ya shiga. Shi ya fara ɗaukar 'yarmu, yana mata huɗuba yana hawaye. Na ji daɗi har raina.

A nan an ce wannan ba komai ba ne, kowane miji na yi. Su je su yi ta faɗa. Mu dai a gidanmu ba a London muka koya ba.