Ranar da Na Hau Amalanken Surukina

Ko na manta abin da na ci jiya, ba zan manta shekarar da aka ce dutse ya yi daraja ba. Labari ya zo mana daga Dogon Dutsi cewa wani ɗan kasuwa yana sayen duwatsu, wai da su ake yin batirin sola da na babur marar shan mai. Samarin garinmu suka rikice. Duk dutsen da ya ɗan yi ƙyalli, sai amalanke.

Ni kuwa gonata a gangare take. Mu mata muka jera mata duwatsu layi-layi, da kanmu muka ɗauko su, don kada ruwa ya tafi da ƙasa. Kafin jerin nan, ko hatsin fura ba ta ba ni.

Wata safiya, hadari ya fara haɗuwa a gabas, na iske an kwashe layin sama kaf an loda a amalanke. Wa ke riƙe da igiyar jaki? Mijin ɗiyata!

Ban yi faɗa ba. Na tattare zane, na hau amalanken, na zauna daram bisa duwatsun.

Bawan Allah ya cire takalmi ya durƙusa, ido a ƙasa. Suruki dai ba ya ce wa uwar matarsa ta sauka, ba ya kuma kora jaki da ita a kai kamar buhu.

“Inna, ina kwana?”

“Lahiya lau. Mu tahi, ka saida ni tare da su. Na hi su nauyi.”

Hanyar siririya ce, sauran amalanke duk suka tsaya a bayanmu. Wani abokinsa ya ɗaga murya: “Kai, wanga dutse na sama ba ya shiga batir!” Dariya ta ɓarke, har ni sai da na rufe baki da mayafi.

Haka suka sauke, ina nuna wa kowane dutse wurinsa da sanda. Da ruwan ya sauko, ƙasata ta tsaya inda take. Hatsin shekarar, surukin nawa da ƴaƴansa suka fi kowa ci.

Ba na gaba da sola, ita ke jawo mana ruwan famfo yanzu. Amma tun ranar nake gaya wa yara: kafin ka ɗaga dutse don mai saye, duba abin da yake tare maka.