Ranar da Muka Sha Kaye a Tarauni

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Kura, ni da ɗalibaina mata uku, za mu Tarauni gasar kacici-kacici kan kare kai daga gobara da ambaliya. Sojoji dai sun koma bariki bana, amma kwandastan motarmu bai ji labari ba, har yanzu da tsawa yake karɓar kuɗinsa. Daga Na'ibawa zuwa Unguwa Uku hotunan 'yan takara na nan manne a bango, ruwan damina ya wanke rabin fuskokinsu.

Biyu daga cikin yaran sun cika motar da haddar amsoshi. Ta ukun, ƙaramarsu, tana jikin taga tana kallon hanya, kuma ita ce damuwata. Bara mahaifiyarta na suyar awara man ya kama da wuta, yarinyar ta ruga ta watsa ruwa, kamar yadda ni ma da zan yi. Wutar ta yi tsalle ta cinye hannun uwar har kafaɗa. Tun ranar ba ta ƙara buɗe baki a aji ba. Babanta ya ce in zangon nan ya ƙare a haka, gara ta zauna gida ta taya uwar aiki. Da kyar da magiya ya ba ni ita.

A Gyadi-Gyadi muka sauka karyawa, kusa da asibitin koyarwa, inda ma'aikatan jinya suka yi layi gun mai ƙosai. Kokon ya yi daɗi, ƙosan kuwa kamar da cokalin shayi aka auna shi. Na lura yarinyar ta juya wa kaskon baya har muka gama.

Acaɓa biyu suka kai mu makarantar da ake gasar, muna addu'a a kowane rami. Ɗakin taron ya cika maƙil. Alƙaliyar gasar wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar Kudancin Kaduna, kowa Sista yake ce mata, Hausarta ta fi tawa santsi. Aka yi ta tambayoyi: ina za a nufa in ruwa ya shigo gida, me ya sa ba a zuba shara a lambatu. Manyan biyun suka yi ta amsawa har muka kai zagayen ƙarshe, mu da 'yan makarantar unguwar Daurawa.

Tambayar ƙarshe a kan ƙaramar ta faɗa. Sista ta karanto: "Man suya ya kama da wuta a kasko. Me za ki yi, me kuma ba za ki yi ba?"

Innalillahi! Ta san amsar, ni na koya mata. Ta buɗe baki, murya ta ƙi fita. Aka buga ƙararrawa, 'yan Daurawa suka amsa suka ɗauke kofi.

Ana cikin tafi sai na ga ƙaramar ta miƙe. "Sista, kada a zuba ruwa," ta ce. "Ni na zuba, hannun Innata ya ƙone. A kifa murfi, ko a zuba yashi."

Sista ta sauko ta riƙe kafaɗunta. "'Yata, manya nawa ake kawo mana da irin wannan ƙunar? Ba wanda ya koya miki a lokacin. Yau kuwa ke kika koya wa ɗakin nan." Ni dai mayafina na ja na rufe fuska.

Bayan la'asar muka iso Kura, na raka ta har gida. Babanta na ƙofa, ya ce, "Malama, ina kofin?" Na ce babu kofi, na ba shi labarin yadda aka yi. Yana saurare sai ga yarinyar ta wuce mu da bokitin yashi da babban murfi, ta ajiye gefen kaskon uwarta, ta zauna ta karɓi matsamin suya. Ya dube ta, ya juyo gare ni.

"Litinin za ta zo makaranta," ya ce.

Na tafi neman kofi ne, na dawo da sanin cewa yawancin abin da muke zargin yara da shi, mu ne ba mu koya musu ba. Ina isa gida na nemo bokiti na cika shi da yashi.