Mangwaron Hamma Buba da ruwan alwala

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Hamma Buba, Allah ya jiƙansa. Tare muka yi aiki a tsohon ginin sashenmu a jami'a, shi yana koyarwa, ni ina ofishin jarrabawa. Mutum ne mai mita a kan ruwa, har mukan tsokane shi cewa da zai samu dama da cokali zai riƙa auna mana. Shi ya haƙa 'yar kwata daga wurin alwala zuwa bayan gini, ya dasa mangwaro a bakinta. Burinsa shi ne bayan ransa duk wanda ya wanke fuska don salla ya shayar masa da sadakarsa.

Yanzu an gyara ginin, kuma tsakani da Allah gyaran ya yi. Ba a rushe shi ba. An sa sola a rufi, an faɗaɗa tagogi, mun huta da ƙarar janareta. Ruwan alwala ma an daina zubar da shi, ana tacewa a tara a tanki, a kora banɗaki da shi. Kwatar Hamma kuwa an shafe ta da siminti.

Na tari injiniyar da ta yi aikin da maganar mangwaron, Madam Ngozi, haifaffiyar unguwar Bolari. Ta saurare ni da ladabi, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, babu kwatar nan a zanen da aka ba mu. Amma itacen da ya kai haka saiwarsa ta yi nisa, zai riƙe kansa." Ban musa mata ba. Sai dai tun shigowar bazara ganyen ɓangaren yamma yake ƙonewa, furen ma zubewa ya yi.

Da Hamma zai leƙo, me zai ce? Na san halinsa, tankin nan zai burge shi, ƙila ma ya ce ni ne mai neman rigima. Duk da haka hankalina ya ƙi kwanciya. Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Inuwar nan da ɗalibai ke karatu a ƙarƙashinta ita ce abin da ya aika gaba, kuma ina tsoron ta yanke ina kallo.

Shi ya sa in an kira azahar nake ɗaukar butata in zaga bayan gini, in yi alwala a gindin mangwaron. Abokan aiki sun ɗauka rikicin tsufa ne. Buta ɗaya ce dai, ni kuma ƙarshen shekarar nan zan yi ritaya.