Bindigar Kakan Maigidana

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce daga ƙauyukan Gangara ta ƙasar Jibiya. Ban yi karatu ba, ɗiyar maƙwabciyata ce take rubuta abin da nake faɗi, in kuka ya ci ƙarfina ta dakata. A lokacin da abin nan ya faru ni mace ce mai ji da gidan aurenta. Mijina jikan babban maharbi ne, kuma a hannunsa kayan kakan suke: rigar saƙi mai aska biyu, da agogon aljihu mai sarƙa, da doguwar bindiga wadda aka ce da ita kakan ya kare garinmu tun kafin a shata iyakar nan. Al'adar zuriyar ce duk yaron da aka haifa, ranar suna maigidana ya sa rigar, ya fito da bindigar, a ɗora hannun jariri a kanta a yi masa addu'a. Ba mu da shanu, ba mu da gidan siminti. Wannan ne girmanmu, ni kuwa na fi mai kayan taƙama da shi.

Maigidana yana da abokin wasa, ɗan gwaggonsa, wanda bai taɓa ganin bindigar ya yi shiru ba. Ya ce ko ɓera ba ta taɓa kashewa ba, ya ce a ba shi aronta ya tokare ƙofar akurki. Maigida sai ya yi dariya har da hawaye, ya ce masa bawa ba ya sanin kayan iyayengiji. Su wasa suke yi, ni kuwa abin yana cina shekara da shekaru. Ana haka na ji labarin wani mutumin Maraɗi da yake ƙetarowa kasuwar Jibiya yana sayen tsofaffin riguna da agoguna da bindigogin da suka daina tashi, yana kai wa masu tara irinsu. Aka ce in ya duba abu, sai ya faɗa maka zamaninsa kamar yana nan aka yi shi. Na aika masa a ɓoye cewa ya zo ranar sunan jikanmu, ba don sayarwa ba, don ya faɗi shekarun kayan a gaban jama'a, bakin abokin wasa ya mutu.

Da abokin wasan ya ga baƙon ya gane sana'arsa, sai ya leƙo cikin gida, fuskarsa ba fara'a. Ya ce, “Matarmu, don girman Allah ki sallami mutumin nan, ni na yarda na sha kaye.” Na ce masa ai yau ranar biyan baki ce. Na tsaya bayan zana ina kallon zaure cike da maza. Baƙon ya fara da riga. Ya auna faɗin ƙwaryar saƙin da yatsa biyu, ya murza zaren, ya shinshina, ya ce kaɗin hannu ne da rinin baba na asali, masu irin wannan aiki sun daɗe a ƙasa. Ya buɗe bayan agogo da farce, ya sa ɗan gilashi a ido ya duba tambarin ciki, ya ce ya girmi kowa a zauren. Na ji kamar in yi guɗa. Sai ya karɓi bindiga. Ya jinjina ta, ya leƙa bakinta, ya shafa gindin ƙarfen. Mutane suka matsa masa ya faɗi shekarunta. Ya ce wannan sandar sitiyarin mota ce, ga ma sauran zaren noti nan da maƙeri bai gama gogewa ba, kuma da hayaƙi da man gyaɗa aka tsufar da icen. Ya ce ba za ta kai shekara hamsin ba.

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, wasu suka bi. Ɗanmu na fari, uban jaririn, ya janye ɗansa ya fita. Maigidana bai yi musu ba. Ya naɗe rigarsa ya shigo, na bi shi ɗaki ina cewa baƙon maƙaryaci ne. Ya ce ba ƙarya ya yi ba. Ya tambaye ni ko na tuna shekarar farin da shanu suka faɗi, muna cin dusa da ganye, ina goyon ɗiyarmu ta uku nonona ya ƙafe, sai ga shi da buhunan gero ya ce wani amini ya taimaka. Na ce na tuna. Ya ce, “To bindigar kakana ke nan. Ke da 'ya'yanki kuka ci ta a tuwo.” Shi da abokin wasan nan suka ƙetara iyaka da ita suka sayar, su biyu suka sa maƙeri ya ƙera madadinta, suka rufe. Tsokanar da na ɗauka raini, ashe ta masu sirri ɗaya ce.

Bai zage ni ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Bai ƙara zama a dandali ba, don matasa sun laƙaba masa sunan direba. Cikin masu kiran har da waɗanda na auna wa iyayensu geron nan da hannuna, ban yafe musu ba har yau. Kafin damina ta zagayo ya kwanta, bai tashi ba. Da aka zo rabon gado, 'ya'yan da bindigar ta raya suka yi ta jayayya a kan riga da agogo, tunda baƙo ya yaba su. Bindiga kuwa aka jingine ta a bayan rumbu, babu mai so. Na ɗauko ta, tana ƙarƙashin gadona, ina shafa mata mai kamar yadda yake yi.

Baƙon nan ya san shekarun zare da ƙarfe, amma bai san abin da aka rufe da su ba, ni ma da na kwana ɗaki ɗaya da mai su ban sani ba. 'Yan uwana mata, in kun ga mai abu yana dariya a kan abinsa, kada ku fi shi zafi. Kada ku kira na waje ya auna abin da gidanku ya lulluɓe, don ba kowane rufi ne ƙarya ba, wani rufin asirinku ne. Na so in ɗaga mijina, ni na kayar da shi a zaurensa. Wanda ya karanta wannan ya roƙa masa rahama, ni kuma ya roƙa mini ya yafe ni in mun haɗu.