Wanzamin da ke Tankin Kawu

Kawuna bai taɓa ganin teku ba, amma shekara ashirin da biyu yana dama ruwanta a bokiti. Aikinsa ke nan a otal ɗin da nake wankin zanin gado: kula da ƙaton tankin gilashin da ke zauren baƙi. Ya auna gishiri, ya goge gilashi, ya ciyar da kifayen da aka kwaso daga cikin duwatsun murjani na ƙarƙashin teku, can wata duniya. Mai Soso ake ce masa. Mutum ne da ko cokali ka ba shi sai ya sake wankewa, matarsa ma ta gaji da jin haushi.

Cikin kifayen akwai wani ɗan siriri, bai fi yatsa ba, shuɗi, da baƙin layi daga baki har wutsiya. Kawu ya raɗa masa Wanzami, kuma sunan ya bi shi. Yana da shagonsa a gindin wani dutse. Da safe sai ya fito yana 'yar rawa, manyan kifaye su yi layi, kowanne ya wangale baki. Ya shiga bakin wanda zai iya haɗiye shi ba tare da ya sani ba, ya tsince ƙwarin da ke cin jikinsa, ya fito lafiya. Abincinsa ke nan, ba shi da wani. Kawu kan tsaya da soso a hannu yana kallo.

"Kin gani, 'yar nan? Duk gidan nan ni da shi kaɗai muka san aiki."

Wata rana aka kawo sabon kifi ɗauke da ƙwari har sun fi ƙarfin Wanzami. Wani baƙo ya nuna da yatsa, manaja ya yi faɗa. Ran Kawu ya ɓaci, don gara ka mare shi da ka ce tankinsa da datti. Ya kwashe manyan kifayen ya yi musu wankan magani, ya sauya ruwa, ya dirje kowane dutse. Mako uku yana yi. Tankin ya koma tas, ko ƙwaro ɗaya babu.

A garin neman gira aka rasa ido. Wanzami ya ci gaba da fitowa yana rawa, kifaye suna wucewa abinsu. Wa zai je wurin wanzami ba gashi a kansa? Da yunwa ta matsa masa sai ya fara gatsar fatarsu, su kuma suka daina ko bi ta gindin dutsen. Cikinsa ya shafe, shuɗinsa ya dushe.

Kawu ya niƙa jatan lande, ya gwada ƙwan kifi, ya gwada hanta. Wanzami ya ɗauka ya tofar. Sai Kawu ya cire hula ya shiga ofis, ni ina bakin ƙofa da tawul a hannu.

"Yallaɓai, a taimaka a samo mana kifi mai ƙwari, ko guda ɗaya."

Manaja ya yi dariya har da buga tebur. "Baba, tsufa ne ya fara taɓa ka? Mu sayo ciwo?"

Daga nan Kawu ya koma naɗe hannun riga yana tsoma hannunsa har gwiwa, ko za a samu abin tsinta. Wanzami ya zo ya zagaya yatsunsa, ya ɗan taɓa, ya juya. Me zai samu a hannun da sabulu ya cinye? Wallahi na tausaya musu su biyun, kuma na ji haushin Kawu, ban san dalili ba.

Ranar Laraba Kawu ya sami Wanzami kwance a kan yashi, ba rai. Ya ciro shi, ya shimfiɗa a farin hankici, ya nufi ofis. Na sha gabansa.

"Kawu, ka jefar kawai, kada ka jawo wa kanka."

"Ni na kashe shi. Gara a yi mini faɗa."

Manaja yana waya. Ya leƙa hankicin, ya rufe bakin wayar da tafinsa.

"Wannan namu ne? Ban taɓa lura da shi ba. Af, Baba, tankin nan ya yi kyau kwanan nan. Ka ci gaba a haka."