Jirgin Kawu Seidu Mai Jiran Gaisuwa

Ranar Asabar ce, bayan la'asar, a ɗakin Kawu Seidu da ke unguwar Aboabo. Ni da shi ne kawai, sai muryar Razak da ke fitowa daga kwamfuta. Ranar na fara ganin kawuna ya saki sandar tuƙin jirgi ana tsakiyar yaƙi, don ya ba mai kawo gawayi hannu.

Ku da kuka san shi kun san bai taɓa shiga jirgin sama ba. Direban tirakta ne har ya yi ritaya. Ɗansa ne ya koma Kumasi ya bar masa kwamfuta da wasan jiragen yaƙi na intanet, kawu kuma ya gaji gurbinsa a ƙungiyarsu. Razak, malamin makaranta a Kalpohin, shi ne shugaba.

Matsalar ɗaya ce. Sandar tuƙi ta hannun dama ce, kawu kuwa ba ya gaisawa ko karɓar kofin shayi da hagu, kuma ƙofarsa ba ta rufuwa. Saboda haka ya duƙufa kan wani ɗan gargare da ke gefen hagu, wanda 'yan wasan ke kira tirim. Aikinsa daidaita jirgi, yadda ko an sake shi hancinsa ba zai ɗaga ko ya sunkuya ba. Kowa kan taɓa shi ya wuce. Kawu a kansa yake yini.

Na tambaye shi yadda yake gane jirgi ya daidaita.

"Da Afa Yakubu, malamin unguwarmu, nake awo," in ji shi. "Gaisuwarsa ta fi ta kowa tsawo a unguwar nan. In jirgi ya iya jira har Afa ya tambayi gida, gona da ciwon ƙafata, to ya zauna."

"In maƙiyi na bayanka fa?"

"Ya jira mana. Babu manya a gidansu?"

Maƙiyan ba sa jira. Jirgin da ke tafiya sambal shi ne mafi sauƙin harbi. Sau da yawa Razak na ihu, "Kawu, juya!" kawu yana durƙushe yana amsa gaisuwar baƙo yadda ake yi a nan, "Naa… naa." In ya dawo ya tarar da hayaƙi, sai ya gyaɗa kai.

"An harbo ka, Kawu."

"Amma ka ga yadda ya faɗi? A miƙe."

Da gasa ta matso, Razak ya yanke hukunci: in kawu ya sake sakin sanda, an cire shi daga ƙungiya. Ranar kawu bai gama tuwonsa ba. Na ce ya riƙa kulle ƙofa lokacin wasa.

"In rufe ƙofa da rana tsaka? So kake a ce na mutu?"

Ranar gasar ina zaune a bayansa. An harbo kowa, saura shi da maƙiyi ɗaya. Kawu ya danna sanda, jirgin ya sunkuya ya nufi teku a guje, wancan na bin sa yana ruwan wuta. Sai muka ji babur ɗin Afa Yakubu ya tsaya a ƙofa.

Hannun daman kawu nake kallo. Ya ɗan jinkirta, sannan ya saki sanda. Kawu ya sauka daga kujera ya durƙusa.

Abin da na koya daga baya shi ne, jirgin da aka daidaita don tafiya a hankali, in gudu ya yi masa yawa, hancinsa kan ɗaga da kansa. Haka aka yi. Jirgin kawu ya ɗago, ya shafi saman ruwa ya wuce. Maƙiyin, da idonsa ke kan harbi, ya makara, ya nutse. Razak na kabbara a kwamfuta, Afa bai ma iso kan tambayar ciwon ƙafa ba.

Na tambayi kawu ko ya san haka za ta faru.

"Jirgina na sani," in ji shi. "Yaron mutane ne ban sani ba. Allah ya sa ya iya ruwa."

Har yau ban tabbatar ba ko dabara ce ko dace.

Allah ya jiƙan Kawu Seidu, ya karɓe shi da hannun dama kamar yadda shi ma ya karɓi kowa. Afa Yakubu ne ya yi masa salla. Razak bai cire sunansa daga ƙungiya ba, gargaren kuma yana inda ya bar shi.